Baƙo da Masaukinsa: Zaman Yau da Kullum na Ɗalibi a Ƙasar Waje Cikin Ƙagaggun Labarai Uku na Afirka

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibi filin jirgin sama ya san irin nasihar da ake yi masa a wurin sallama: ka riƙe addininka, ka tuna gidan da ka fito, ka yi abin da ya kai ka. Nasiha ce mai nauyi, kuma tana da dalilinta. Sai dai idan jirgi ya sauka, tambayoyin da ke tarar ɗalibin a makon farko ƙanana ne ƙwarai a kan waɗannan. Ina zai kwana? Me zai ci? Nawa ne kuɗin haya? Wa zai tambaya idan darasi ya shige masa duhu? Ina ne gabas a ɗakin da aka ba shi? Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma wannan makanta a kan titi, da cikin kanti, da bakin ƙofar mai gidan haya take bayyana.

Adabin Afirka na zamani ya daɗe yana bin sawun wannan ɗalibi, tun daga shekarun neman mulkin kai. Manazarta kuwa sun saba auna labaransa da ma'auni guda, wato karon al'adu: Afirka a gefe, Turai a gefe, ɗalibi a tsakiya. Ma'aunin ba ƙarya ba ne, amma ya yi faɗi da yawa, har yakan sa a tsallake wurin da gaskiyar labarin take kwance. Wannan maƙala za ta dubi ayyuka uku: L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane (1961), da Second-Class Citizen na Buchi Emecheta (1974), da gajeren labarin Leila Aboulela mai suna "The Museum", wanda ya ci gasar Caine karo na farko da aka yi ta a 2000. Hujjar da maƙalar za ta kafa ita ce, ƙarfin labarin ɗalibi baƙo yana zuwa ne gwargwadon yadda marubuci ya yarda ya zauna da tauraronsa a cikin ɗaki, a gaban kwano, a cikin sanyi. Duk inda ɗaya daga cikin marubutan nan uku ya bar wannan ya koma yi wa mai karatu bayani, nan ne alƙalaminsa yake yin rauni.

Samba Diallo: ɗalibin da ba a nuna masaukinsa ba

An haifi Cheikh Hamidou Kane a Matam da ke arewacin Senegal a 1928, kuma littafinsa, wanda ya rubuta da Faransanci, yana cikin waɗanda aka fi nazarta a jami'o'in Afirka ta Yamma. Tauraronsa Samba Diallo ɗan gidan sarautar Diallobe ne, almajirin wani malami mai tsanani da tsoron Allah da ake kira Thierno. Babbar yayar sarki ce ta matsa a cire shi daga makarantar allo a kai shi boko, domin 'ya'yan ƙasar su gano sirrin ƙarfin da Turawa suka ci su da shi. Kashi na biyu na littafin ya tarar da Samba a birnin Faris yana karatun falsafa.

Abin lura shi ne, mai karatu zai rufe littafin bai riƙe siffar ɗakin da Samba yake kwana ba, ko abin da yake ci idan ba a gayyace shi cin abinci ba, ko yadda kuɗi ke zuwa hannunsa. Faris ɗin Samba zauren muhawara ne. Yana tattaunawa da Lucienne, abokiyar karatunsa mai ra'ayin kwaminisanci. Yana tattaunawa da mahaifinta, limamin coci. Yana tattaunawa da iyalin dattijo Pierre-Louis, baƙaƙen fata da suka daɗe da rabuwa da tushensu. Ko'ina ya zauna sai zance ya hau sama, ya koma kan Allah da aiki da mutuwa.

Duk da haka akwai wurare biyu da littafin ya sauko ƙasa, kuma su ne suka fi zama a zuciyar mai karatu. Na farko shi ne liyafar gidan su Lucienne, inda aka miƙa wa Samba kofin giya ya ce ba ya sha domin shi Musulmi ne. Abu ne na ɗan lokaci, amma a cikinsa akwai kunyar baƙo da ba ya son ɓata wa mai masaukinsa rai, da kunyar mai masaukin da ta gane ta yi kuskure, da kuma gaskiyar da kowane ɗalibi Musulmi ya sani: a gida ba wanda ke tambayarsa ko shi wane ne, a waje kuwa kofi guda ya isa ya tilasta masa ya bayyana kansa. Shafuka masu yawa na muhawara ba su nuna wannan kamar yadda kofin ya nuna ba.

Na biyu ya fi ban mamaki. Labarin saukar baƙo a Turai, da ruɗewar idonsa da kunnensa a ranar farko, yana cikin littafin, amma ba a bakin Samba aka sa shi ba. A bakin mutumin da gari ke kira mahaukaci aka sa shi, wanda ya je ƙasar Turawa ya dawo da taɓin hankali. Shi ne ya ba Thierno labarin ƙasa mai tauri da aka shafe da dutse, da ƙarar takalma ba iyaka, da yadda ya yi ta neman ƙafa guda marar takalmi bai gani ba, da motoci da suka mamaye titi suka kore mutane gefe. Kenan Kane ya raba baƙuntar gida biyu: jiki da firgicinsa ya ba mahaukaci, tunani ya ba ɗalibi.

Ana iya kare marubucin da cewa bai yi niyyar zana rayuwa yadda take ba, labarin tunani ya so rubutawa, kuma a wannan fage littafin ya cika. Wannan gaskiya ne, amma zaɓin yana da farashi. Da Samba ya ce imaninsa ya yi sanyi, a bakinsa muka ji. Ba mu ga safiyoyin da asuba ta wuce shi a gari marar ladan ba, ba mu ga azumin da ya yi shi kaɗai ba. Don haka lokacin da mahaifinsa ya kira shi gida, mahaukacin ya kashe shi saboda ya ƙi yin salla a kabarin Thierno, mutuwar takan zo wa mai karatu kamar rufe muhawara. Hankali ya gamsu da ita, amma zuciya ba ta yi rashin wanda ba ta taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba.

Adah: lissafin haya da raino

Abin da Kane ya tsallake shi ne jarin Buchi Emecheta. An haife ta a Legas a 1944, ta bi mijinta zuwa Landan a 1962, kuma labarin Adah yana tafiya kusa da nata. Adah tana da aiki mai albashi mai kyau a laburaren ofishin jakadancin Amurka a Legas, da kuɗinta aka tura mijinta Francis Ingila karatun akanta, daga baya ta bi shi da 'ya'ya biyu. Jirgin ruwa ya sauke ta a Libaful cikin sanyi da hazo, kuma darasin farko da Ingila ta koya mata ɗaki ne: ɗaki guda a saman bene, babu madafa, babu wurin wanka, banɗaki yana can ƙasa a tsakar gida. Maƙwabtanta 'yan Nijeriya ne masu aikin ƙarfi a masana'antu, irin mutanen da a Legas ba za ta haɗa gida da su ba.

A nan Emecheta ta nuna abin da ma'aunin karon al'adu ba ya kamawa. Ƙasar waje tana rushe matsayin da mutum ya zo da shi, ta tara mai digiri da lebura a bene guda, kuma zafin wannan rushewa yakan fara fitowa ne tsakanin baƙin su da kansu. Maƙwabtan Adah sun tsane ta domin ta samu aikin laburare, kuma ta ƙi ba da 'ya'yanta riƙo ga Turawa kamar yadda ɗaliban Afirka ta Yamma da yawa suke yi a lokacin domin su samu sukunin karatu da aiki. Mai rainon da ta samu daga baya ƙazama ce, ɗanta Vicky ya kamu da sanƙarau. Mai gidan da ya ba su notis ɗan ƙasarsu ne.

Fitowa neman wani ɗakin ita ce ƙololuwar littafin. Tallan ɗakunan haya a tagogin kantuna suna faɗa a fili cewa ba a son baƙar fata, kuma a lokacin doka ba ta hana ba: dokar hana wariyar launi ta 1965 wuraren taruwar jama'a ta shafa, sai ta 1968 ce ta haɗa da gidaje da aikin yi. Adah ta toshe hancinta ta buga waya domin muryarta ta yi kama da ta Baturiya, ta kuma sa lokacin ganin ɗakin da dare, da fatan duhu zai rufa musu asiri. Matar gidan na buɗe ƙofa ta gan su, sai ta ce an riga an kama ɗakin. Ba a yi wata muhawara a kan wayewar Turai ba, amma mai karatu ya ga mace mai ilimi tana ƙoƙarin ɓoye muryar da Allah ya ba ta saboda rufin kwana, kuma ya san abin da wannan ke ci a cikin mutum.

Inda suka samu masauki a ƙarshe shi ma hukunci ne. Mai gidan, dattijo Noble, ɗan Nijeriya ne da ya zo karatun lauya shekaru da dama da suka wuce, karatu ya ƙi, kuɗi suka ƙare, ya koma aikin lif a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya zama abin dariyar abokan aikinsa Turawa, kuma da kuɗin diyyar rauni ya sayi tsohon gidan da ya kusa rushewa. Noble shi ne gobe ta duk ɗalibin da zama ya kayar kafin jarrabawa ta kayar da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Raunin littafin yana wuri biyu. Na ɗaya, mai ba da labarin ba ta cika yarda da abin da ta nuna ba. Takan tsaya bayan fage mai ƙarfi ta sake fassara shi, ta yanke hukunci a kan mazan Ibo ko 'yan Afirka baki ɗaya, alhali fagen ya riga ya gama magana. Na biyu shi ne Francis. Shi ne ainihin ɗalibin da aka tura, wanda ke faɗuwa jarrabawa a kai a kai, dangi na jiran sakamako a gida, matarsa ce ke ciyar da shi. Muguntarsa a fili take, har ya ƙona rubutun littafin Adah na farko, kuma ba a neman a wanke shi. Sai dai kunyar ɗalibin da ya kasa, wadda ke hana mutum komawa gida shekara da shekaru, ba a taɓa shiga cikinta ta idonsa ba. Da an shiga, da littafin ya ƙara zurfi ba tare da ya rage wa Adah gaskiyarta ba.

Shadia: gajiyar da ba a gani

Leila Aboulela ta tashi a Khartum, ta yi karatun ƙididdiga a Landan, ta koma Aberdeen a ƙasar Sikotlan a 1990. A wannan gari ta ajiye Shadia, 'yar likitan mata daga Khartum, wadda ta zo yin digiri na biyu a ilimin ƙididdiga, da baikon wani ɗan masu kuɗi, Fareed, a kanta. Shadia ba ta da matsalar haya irin ta Adah. Matsalarta aji ne. Malamai suna koyarwa bisa zaton kowa yana da wani tushe da ita ba ta da shi, kuma ba ta san ma mene ne ta rasa ba balle ta nema. Ɗalibai baƙi sun ware gefe guda, 'yan ƙasa gefe guda. A tsakanin baƙin labarai biyu ke yawo: na ɗalibi ɗan Malesiya da aka fasa wa tagar gida, da na wani ɗan Nijeriya da ya kashe kansa a shekarar da ta gabata.

Aberdeen gari ne da a watan Disamba hasken rana ba ya kai sa'o'i 7, ga danshi da iskar teku. Aboulela ba ta yi dogon bayani a kan yanayin ba. Ta bar shi ya bayyana a gashin Shadia da ke ƙin kwanciya, da jikinta da kullum yake a takure. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa ta gina gajiyar da ba ta da suna, wadda ɗalibi ba zai iya faɗa wa na gida a waya ba. Fareed yakan kira, amma zancensa kayan banɗaki ne masu ruwan zinariya da yake so ta sayo wa gidan da yake gina musu. Tsakanin abin da take ciki da abin da ake zaton tana ciki akwai tazara da ta fi ta jirgin sama.

Da ɗan gari akan ci gari. Dole ta sa Shadia ta roƙi aron littafin darasin Bryan, ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a ajin, ɗan kafinta daga garin Peterhead, mai ɗan kunne da dogon gashi da yake ɗaurewa ta ƙeya. A nan marubuciyar ta yi abin da Kane da Emecheta ba su yi sosai ba: ta nuna cewa baƙo ma yana zuwa da nasa girman kai a cikin akwati. Shadia tana raina Bryan saboda talaucin gidansu da lafazinsa, tana yi masa gorin gidansu da kogin Nilu, alhali da rubutunsa take tsira. Shi kuwa ya cire ɗan kunnen saboda ta ce ba ta so, ya kuma gaya mata ya taɓa nazarin Makka a makaranta, a ranar da ita sallar asuba ta kuɓuce mata. Abin da Samba Diallo ya faɗa da baki a shafuka da yawa, an nuna shi a nan da salla guda da ta wuce.

Labarin ya ƙare a gidan adana kayan tarihi da Bryan ya gayyace ta domin ya faranta mata, inda ta tarar da Afirka ta idon mafarauta da 'yan mulkin mallaka, ta fashe da kuka. Manazarta sun fi son wannan fage domin ya dace da ma'aunin da suka saba, kuma dole a ce alamar da ke cikinsa ta ɗan yi ƙara, kamar marubuciyar tana tsoron kada a kasa ganewa. Abin da ya cece shi shi ne abin da ya gabace shi. Bryan ya nuna yana son ya koya, amma Shadia ba ta da sauran ƙarfin da za ta koyar da shi. Ƙarfin ya ƙare a aji, da sanyi, da tsoron faɗuwa, da wayar Fareed. Wanda ya karanta fagen shi kaɗai zai ce tarihi ne ya raba su. Wanda ya bi labarin tun farko ya san tarihin ya tarar da yarinya ce da zaman yau da kullum ya riga ya cinye.

Kammalawa

Idan aka jera ayyukan uku, za a ga cewa abin da ake kira karon al'adu ba ya zuwa wa ɗalibi da sunansa. Da siffar kofi yake zuwa, ko ƙofar da aka rufe, ko littafin aro. Kane ya fi sauran zurfin tunani, amma ya bar jikin tauraronsa a waje. Emecheta ta kawo jikin da duk lissafinsa, amma takan yi wa fagenta katsalandan. Aboulela ta fi su haƙurin barin ƙananan abubuwa su yi aikinsu, ko da yake ita ma ta ɗaga murya a ƙarshe. A duka ukun, wuraren da suka fi daɗewa a zuciya su ne inda aka ga baƙo yana fama da abin da ɗan gari ba ya ko lura da shi.

Wannan yana da amfani ga mai rubutu da Hausa. Muna da labarin tafiya tun Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam (1944), wanda ya biyo bayan ziyarar da editocin jaridun Afirka ta Yamma suka kai Ingila a 1943. Amma mai ziyara daban, mazauni daban: mai ziyara ana tarbarsa, ana zagayawa da shi, ya ga abin mamaki ya dawo, ɗalibi kuwa shi zai nemi tukunya. Tun 1945 da Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malaman Arewa suka tafi kwas Jami'ar Landan, Hausawa suke fita karatu, yau kuma suna Masar da Saudiyya da Malesiya da Indiya da Turai. Duk da haka, a ƙagaggun labaranmu sau da yawa karatun waje jimla ɗaya ce: ya tafi, ya dawo da digiri da mota. Shekarun da ke tsakanin tafiyar da dawowar, da ɗakin da aka kwana a ciki, da tuwon da aka tuƙa da garin da ba na masara ba, da sallar idin da aka yi a ranar jarrabawa, suna nan suna jiran wanda zai rubuta su.